Da Ni Za a Ce In Tsara wa Mulhidi Shirinsa

A wayoyin samarin Kankiya da Kusada yanzu akwai muryoyin da ba su biyo ta hannun liman ba, ba su biyo ta hannun malamin Islamiyya ba. Yaro zai toshe kunne da abin sauraro yana jiran mota a Gidan Mutum Ɗaya, ka ɗauka tafsiri yake ji ko waƙar fim, ashe wani ne daga Masar ko Ingila ko Amurka yake zayyana masa dalilan da suka sa ya bar addini. Irin shirye-shiryen nan da ake kira fodkas ba su neman lasisin gwamnati, ba su neman eriya. Waya da data, shi ke nan. Masu Turanci suna jin na Turanci. Waɗanda suka yi nisa a Islamiyya kuwa su ne suka fi iya bin na Larabci, abin da iyayen da suka biya kuɗin makarantar ba su taɓa kawowa a ransu ba. Duk wanda ya ce wannan lamari iyakarsa Legas da Abuja bai zauna da yaran da suka gama sakandare suna zaman jiran sakamako ba.

Ni Musulmi ne, malamin makaranta, na tashi a gidan da ake rera Ishiriniya daren Juma'a, kuma a kan abin da na tashi nake fatan cikawa. Ɗan ƙanwata da ke karatun aikin lafiya ne ya turo mini wasu daga cikin shirye-shiryen, ya ce, "Kawu, ka saurara, ka nuna mini inda suka yi ƙarya." Na saurara. Yawancinsu ba su taɓa ni ba, don rigimar da suke yi ba tamu ba ce. Shirin nan na garin Austin a Amurka da ake bugo waya ana musu, wanda aka fara tun 1997, da littafin da Richard Dawkins ya fitar a 2006, dukkansu da cocin ƙasashensu suke kokawa: ko shekarun duniya dubu shida ne, ko a koyar da ra'ayin Darwin a aji ko kada a koyar. Manomin Kafin Soli ba shekarun duniya ke hana shi barci ba. Sai na tambayi kaina: a ce wani Bahaushe ɗan nan yankin, wanda ya yi allo ya yi boko, ya san mu ciki da bai, ya bar addini ya zauna zai tsara nasa shirin da Hausa, waɗanne batutuwa zai ɗauko? Abin da na lissafo masa ya fi duk abin da na saurara tayar mini da hankali.

Da ni ne shi, da ƙaddara zan fara. Ba ƙaddarar da ke cikin littafin tauhidi ba, wadda ake faɗa a ƙofar asibiti. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta sanar cewa yara 652 sun mutu a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shidan farko na shekarar saboda tamowa. Waɗanda aka samu kaiwa asibiti ke nan. Kowa ya san abin da ake cewa a wurin gaisuwa: kwana ne ya ƙare, Allah ya sa mai ceto ne. Kuma gaskiya ne, kwana ya ƙare. Amma maganar da aka tanada don sanyaya zuciyar uwa, mun mai da ita bargon da ke lulluɓe kansila da ciyaman da ɗan majalisa, har da maigidan da ya kwashe hatsin rumbu da kaka ya ƙara aure. Mulhidin ba sai ya yi dogon bayani ba. Zai ce, ku duba, addininku ya koya muku ku binne 'ya'yanku ku yi shiru.

Ƙarya ya yi wa addinin, amma bai yi mana ƙarya ba. Babu almajirin ilimin da bai san labarin Sayyidina Umar ba, lokacin da ya kama hanyar Sham aka tarye shi da labarin annoba, ya yi shawara ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne, Umar ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddarar take. Ana karanta wannan a masallatanmu, sai dai ana karanta shi a matsayin labari mai daɗi, ba a matsayin tuhuma ga wanda aka damƙa wa kuɗin magani ba. Mun kuma ga abin da ya faru a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano bisa zargin makirci, aka lulluɓe zargin da rigar addini, cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, sai a Yulin 2004 aka koma. Daga baya sarakuna da malamai ne suka shige gaba aka ci ƙarfin cutar, wannan ma a faɗa. Amma yaran da suka shanye a tsakani suna nan, sun girma, muna ganinsu a tashoshin mota.

Daga nan zai gangaro kan Shari'a. Zamfara ta fara a farkon 2000, Katsina ta bi a watan Agusta na shekarar, kuma ina cikin waɗanda suka yi murna. A Maris ɗin 2000 aka yanke hannun Buba Jangebe a Zamfara kan satar saniya. A 2002 kotun Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jefewa, sai a Satumbar 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a Katsina ta sallame ta. Duk tsawon shekarun nan, zai ce a kawo masa sunan babban jami'i ɗaya da kotun Shari'a ta hukunta kan dukiyar jama'a. Malami zai amsa cewa cin amanar baitulmali ba shi ne satar da ake yanke hannu a kanta ba a fiƙihu, yana da nasa babin. Haka ne. To ina ta'azirin? Wa ya hana alƙali shi? Idan doka ta iya gano bazawara a ƙauye amma ta kasa gano mai gidan sama a GRA, yaro mai hankali zai fara zargin cewa ba don Allah aka kafa ta ba, kuma daga zargin masu kafawa zuwa zargin abin da aka kafa tafiyar ba ta da nisa.

Batun tsibbu da siyasa ba zai ba shi wahala ba. Lokacin zaɓe kowane ɗan takara da nasa malamai, kowa an yi masa istihara an ga nasara, mutum ɗaya kuma ke ci. Kujerar Makka da mota suna biyo bayan huɗuba. Ɗan bindiga da layarsa, ɗan sa-kai da tasa. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗaliban sakandaren Ƙanƙara a Disambar 2020, ya dafa Alƙur'ani a Gusau ya yi rantsuwar tuba a Fabrairun 2021, bai cika wata uku ba ya koma daji, can aka kashe shi. Wannan sana'a ta hatimi da lissafi tsohuwa ce a ƙasarmu. Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, wanda muke alfahari da shi a matsayin masanin lissafi, rubuce-rubucensa a kan hatimai da taurari suke. Amma a nan mulhidi ya makara, don Bahaushe ya daɗe yana dariyar malamin ƙarya. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, aka buga a 1934, kuma duk wanda ya karanta ya san irin Malam Zurƙe. Ba mu jira wani ya zo daga waje ya nuna mana shi ba.

Na rabuwar kai kuwa ko baki ba sai ya buɗe ba. Ya tattaro faifan malamanmu suna kafirta juna, wannan ya ce sallar bayan wancan ba ta yi ba, wancan ya ce yankan wannan mushe ne, ya jera su ɗaya bayan ɗaya ya saki. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978 ake wannan ja-in-ja da 'yan ɗariƙa, ita kanta Izalar ta dare gida biyu, ga 'yan Shi'a, ga 'yan Ƙur'ani zalla. Ƙauyen da bai da rijiyar burtsatse mai aiki sai ka tarar da masallacin Juma'a biyu suna kallon juna. A ƙarshen faifan tambaya ɗaya zai yi: kowannensu ya rantse yana da tabbas, to wane ne daga ciki?

Duk waɗannan, in aka duba, sukar Musulmi ce, ba hujja ce a kan babu Allah ba. Likita ya ci amana ba ya nuna babu ilimin magani. Kuma an riga shi faɗa, da harshen da ya fi nasa kaifi. Wajajen 1807, ana tsakiyar jihadi, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya dubi abokan gwagwarmayarsa ya ga da yawa sun koma neman sarauta da dawaki da tufafi da ƙwaraƙwarai, ransa ya ɓaci ya bar rundunar da niyyar tafiya gabas. A Kano aka tsayar da shi, ya zauna ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan yadda ake mulki, sannan ya koma. Ƙanin Shehu Usmanu ke nan, ba wani ɗan Facebook ba. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba. Inda muka yi sake shi ne mun bar wannan aiki na sukar kai har ya zama wanda ya fita daga addini ne kaɗai ke yin sa da ƙarfin murya, yaro kuma ya ɗauka sai an fita ake iya faɗin gaskiya.

Akwai batutuwa biyu da ba na iya turewa da wannan amsa, don su ba halinmu suke tuhuma ba.

Na farkon shi ne na masifar da ke faɗa wa marasa laifi. Daren 3 ga Disambar 2023 mutanen Tudun Biri a Jihar Kaduna sun taru suna Maulidi, jirgin soja marar matuƙi ya sako musu bam. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, da yawansu mata da yara. Ranar 19 ga Agustan 2025 'yan bindiga suka shiga masallaci a Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi ana sallar asuba, suka kashe gomman mutane. Masifar da a da muke jin labarinta daga Batsari da Safana da Ɗanmusa, yau ta biyo ta Matazu da Musawa ta iso ƙauyukanmu. Waɗannan mutane ba a mashaya aka same su ba. Yabon Annabi suke yi, sujada suke yi. Mulhidin zai ce: Yana gani, Yana da iko, kuma kun ce Mai jinƙai ne, to me ya hana Ya kare su? Tambayar ta girmi Musulunci, masana falsafar Girka sun yi ta, amma ba ta tsufa, don kullum ana samun sabuwar gawa da za a yi ta a kanta.

Amsoshinmu na sani. Duniya gidan jarrabawa ce. Wanda ya danna bam da wanda ya harba bindiga mutane ne masu zaɓi, alhakin yana wuyansu. Waɗanda suka mutu shahidai ne. Annabi Musa ma ya kasa haƙuri da abin da ya ga bawan Allah Halliru yana yi sai da aka warware masa. Na yarda da su duka. Amma kada mu yi kamar sun rufe bakin tambayar ruf. Jarrabawa ga babba, to jaririn da ke goye fa, me aka jarraba a gare shi? Malaman farko ba su ji kunyar tsayawa a nan ba. Ana ba da labarin Imam Ash'ari, wanda aƙidar mafi yawan zaurukanmu ke komawa gare shi, ya tambayi malaminsa Jubba'i game da 'yan'uwa uku: ɗaya ya girma mumini, ɗaya ya girma kafiri, ɗaya ya mutu yana yaro. Yaron ya nemi darajar muminin aka ce bai yi aikinta ba. Ya ce ai ba a bar ni na rayu ba. Jubba'i ya ce za a gaya masa an san in ya girma zai lalace, shi ya sa aka ɗauke shi. Ash'ari ya ce to kafirin kuma in ya ce don me ni ba a ɗauke ni ina yaro ba? Malamin ya yi shiru. Ko labarin ya faru haka ko an gyara shi, darasin da mazhabar ta ɗauka a fili yake: hankalin ɗan Adam ba zai iya zana wa Allah taswirar abin da ya wajaba Ya yi ba. Wato aƙidar da muka gada, a wannan gaɓa, an gina ta ne a kan amincewa cewa akwai inda bayani ke ƙarewa. Me zai sa malamin yau ya ji nauyin faɗin haka?

Ga inda ni na tsaya. Cire Allah daga lissafi ba ya tayar da yaron Tudun Biri. Abin da yake cirewa shi ne ranar da za a tsayar da wanda ya kashe shi a tambaye shi. A ƙasar da kwamitin bincike ke zama ya tashi ba a ji komai ba, wanda ya ce mini babu wata kotu bayan wannan ya ce mini ke nan azzalumi ya ci bulus har abada. Mulhidi mai gaskiya zai amsa cewa bukatata ga kotu ba ta tabbatar da akwai kotun, kuma ya yi daidai. Shi ya sa ba a kan wannan na dogara wajen samuwar Allah ba. Na dogara ne a kan tsohuwar hujjar da aka karantar da mu a zaure: duk abin da muke gani mai canzawa ne, mai yiwuwa ne ya kasance ko kada ya kasance, kuma jerin masu bukatar wani ba zai tsayu ba sai a kan Wanda ba Ya bukatar kowa. In ya ce to wa ya yi Allah, sai in ce tambayar ta dace da abin da aka fara ne, ba da Wanda hujjar ta kai mu gare Shi don ba a fara Shi ba. Zai ce me ya hana duniyar kanta ta zama ita ce ba a fara ba. Daga nan musu na gaske ya soma, kuma musu ne da za a iya yi a zaune, da shayi a gaba, ba wanda ya zagi wani.

Na biyun shi ne na haihuwa. Yaron da aka haifa a Kusada Musulmi ne. Wanda aka haifa a gidan Maguzawa ko na Hausawa Kirista a ƙasar Kafur ko Malumfashi, tafiyar da ba ta kai yini ba daga nan, abin gidansu zai bi. Na Anambra Katolika, na Indiya Hindu, kowa kuma da irin natsuwar da nake ji. To tabbas ɗina hujja ce ko gado? Ɗan ƙanwata a nan ya fi tsayawa, ya ce, "Kawu, da a can aka haife ka, da yanzu su kake kare wa." Ban musa masa ba. Na gaya masa cewa Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta a littafinsa Munƙizu cewa wannan lura ɗin ce, ganin 'ya'yan kowane addini suna tashi a kan na iyayensu, ta sa ya ƙi yarda da gado ya shiga bincike tun yana matashi, har ya yi wani lokaci yana shakkar komai. A wani littafin nasa, Faisalut Tafriƙa, ya kasa waɗanda ba Musulmi ba kashi uku, ya ce wanda kira bai kai gare shi ba, da wanda ya kai gare shi a gurɓace har bai ji komai game da Annabi ba sai ɓatanci, rahama za ta game su. Yaron ya yi mamaki, don bai taɓa jin wannan a kan mumbari ba. Abin da ya saba ji shi ne tsinuwa a dunƙule. Asalin inda ka samo ra'ayi ba ya nuna ra'ayin gaskiya ne ko ƙarya, shi ma mulhidin Landan gadon zamaninsa da unguwarsa yake ɗauke da shi. Amma tambayar tana wajabta wa mai hankali ya waiwayi abin da ya gada ya auna, kuma malamanmu na tauhidi sun riga sun wajabta hakan.

Yanzu a dubi yadda muke yi da mai irin waɗannan tambayoyi idan ya fito fili. Mubarak Bala ɗan Kano ne, injiniya, daga gidan ilimi. Da ya ce ya bar addini a 2014, danginsa suka kai shi sashen masu taɓin hankali. Ya zama shugaban ƙungiyar 'yan ra'ayin ɗan'adamtaka ta Najeriya. Ranar 28 ga Afrilun 2020 aka kama shi a Kaduna kan abin da ya rubuta a Facebook, aka kai shi Kano. A Afrilun 2022 babbar kotun jiha ta ɗaure shi shekara 24 bayan ya amsa laifi, a Mayun 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta mai da shi biyar, ya fito a shekarar, daga baya ya tafi Jamus. Ba na kare abin da ya rubuta. Izgili ne ga abin da mutane suka fi so fiye da ransu, kuma izgili ba hujja ba ne, wanda ya yi shi a gari irin Kano ya san abin da yake tonowa. Amma a lissafa ribar. Kafin a kama shi mutane ƙalilan suka san shi, bayan an kama shi sunansa ya kai majalisun Turai da Amurka. Tambayoyin da ke ƙarƙashin izgilin ko ɗaya ba a amsa ba. Sannan ga kisan da aka yi wa Deborah Samuel a Sakkwato a Mayun 2022, ba alƙali, ba shaida, ba kare kai. Darasin da yaro mai shakka ya ɗauka daga waɗannan guda ɗaya ne: rufe bakinka. Zai ci gaba da shiga sahu, ya yi azumi tare da mu, mu ƙirga shi cikin namu, dare ya yi ya koma wa wayarsa. Mun kasa bambanta mai zagi da mai tambaya, sai muka tsorata su duka, mai tambayar kuma ya tafi wurin wanda ba zai daka masa tsawa ba.

Magabata ba haka suka yi ba. Sahabbai sun je wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da tunanin da suke jin nauyin furtawa, bai kore su ba, ya kwantar musu da hankali. Gazali sai da ya rubuta littafi guda yana bayyana ra'ayin masana falsafa tsaf yadda su da kansu za su yarda, sannan ya rubuta na rushe shi. Ibnur Rawandi, wanda ya fi kowa ƙaurin suna wajen sukar annabci a zamanin Abbasiyawa, yawancin abin da aka sani na maganarsa a littattafan malaman da suka yi masa raddi aka same shi, don sun kawo ta kafin su amsa. A nan gida, da Shehu Muhammadul Amin al-Kanemi na Barno ya rubuto wasiƙu yana tuhumar hujjar jihadin kanta, Muhammadu Bello ya kwafe su cikin Infaƙul Maisuri ya bi su da amsa, shi ya sa har yau muke iya karanta ɓangarorin biyu. Littafin Sanusi, Ummul Barahina, da aka yi ƙarnoni ana karantawa a zaurukan Katsina da Kano, da hukuncin hankali yake buɗewa: abin da ya wajaba, da wanda ba zai yiwu ba, da mai yiwuwa. Shehu Usmanu ya yi faɗa da masu kafirta talakawa don sun kasa kawo hujjojin ilmul kalami, ya ce imanin tsohuwa da manomi ingantacce ne. Amma malaman wannan fanni sun ce samun wanda zai iya warware shubuha a cikin al'umma farilla ce ta kifaya. Ba a ɗora wa kowa da kowa ba, amma in aka rasa mai yi, kowa ya ɗau laifi. A tsakanin Kankiya da Kusada da Ingawa, wa ke ɗauke mana wannan farilla?

Gurguwar amsa kuwa ta fi shiru ɓarna. Har yau ana samun mai wa'azin da zai ce Neil Armstrong ya ji kiran salla a duniyar wata ya musulunta, alhali mutumin da kansa ya musanta tun yana raye. Yaro zai duba wayarsa kafin a shafa fatiha ya ga ba haka ba ne, daga ranar kuma duk abin da malamin ya faɗa sai ya sa masa alamar tambaya, har da na gaskiyar. Wanda bai san ilimin halittu ba kada ya hau mumbari ya yi fatawa a kan Darwin. Ya kira malamin kimiyya na sakandaren garin, mai salla ne shi ma, su zauna tare.

Allah ya gafarta malamai, roƙona ƙarami ne. Watan azumi kuna da jama'a a gabanku dare talatin. Ku ware dare ɗaya a mako, a ajiye akwati a ƙofar masallaci, kowa ya rubuta tambayarsa ba suna ya jefa. Alaramma ya karanta ta yadda aka rubuta, ba a gyara ba, ba a bi ta da a'uziyya da harara ba. Wadda kuka sani ku amsa da hujja. Wadda ta shafi ciyaman ko ɗan majalisa ku faɗa ko yana sahun gaba. Wadda ta kai inda Jubba'i ya yi shiru ku ce nan ilimi ya tsaya, ga dalilin da ya sa duk da haka muke sujada. Kuma kada a sa kowa ya bi diddigin rubutun hannun mai tambaya.